Gonar Azuba da Idon Asabe

Sani, kai da ƙannenka, na san abin da kuke faɗa duk ranar da mota ta bi da ku ta Azuba. Ba a gabana kuke faɗa ba, amma wanda ya ƙare rayuwarsa a kan keken ɗinki ya saba tsintar magana ta cikin ƙara. Kuna cewa da Baba bai sayar da gonar nan ya kwashi Inna sun tafi yawon ƙasashe ba, da yanzu kowannenku yana da gidan kansa a wurin. Kuna kuma maimaita abin da baffanku Danladi ya shuka muku tun kuna yara, wai iskar teku ce ta kashe mata ido. Na farkon gaskiya ne, ban musa ba, fili ya yi daraja tun da aka mai da Lafiya babban birnin jiha. Na biyun kuwa ƙarya ce tsagwaronta, na haɗiye ta shekara da shekaru ne kawai don na yi wa mahaifiyarku alkawarin ba zan buɗe baki ba muddin tana raye. Yanzu ta riga mu, Allah Ya haskaka kabarinta, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini sallama. Don haka ku ji yadda aka yi daga bakin wanda ya sayar da gonar.

Ku kun fi sanin Asabe tana lalube, ni kuwa na san ta tana tsinto mini allurar da ta faɗi cikin yashi. 'Yar Awe ce, kuma a Awe aikin gishiri na mata ne. Da rani suke kankaro ƙasar fadama, su zuba a tukwane masu huda a gindi, su kwarara ruwa ya tsiyaye, sannan su dafa shi har ya ƙafe ya bar gishiri. Ko bayan na kawo ta Lafiya, rani bai taɓa wucewa ba ta koma ta dafa nata ba. A bakin wannan wutar ta tashi tare da ƙawarta Talatu, tukunyarsu ɗaya, zaninsu na Salla iri ɗaya. Sai wani mai fataucin goro ya auri Talatu ya tafi da ita Akra ta ƙasar Gana, ba su sake haɗuwa ba sai dai saƙon baki idan direbobi sun zo. A cikin saƙonnin ne Talatu ta ce a can akwai ruwan gishiri da ba a ganin ƙarshensa, kuma ba mai kula shi. Asabe ta ce wannan kam sai ta gani da idonta, don Talatu tun suna yara ba ta ba da labari yadda yake.

A ƙarshen shekarun saba'in, lokacin naira na da ƙarfinta, na fara lura tana karo da abin da ke gefenta: turmi, bokiti, har ku kanku. Abin da ke gabanta tana ganinsa sarai, gefe ne ya tafi. Muka yi na gida, tozali da tofi, muka ɗora wa hayaƙin dafa gishiri laifi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na rufe shago na kai ta asibitin ido a Kano. Likitan ya haska, ya auna, ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa, kuma mun zo a makare. Ya ba mu maganin ɗigawa don a ja lokaci. Na tambaye shi lokacin zai kai yaushe, ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, ƙila shekara, ƙila ba a kai ba. A motar dawowa ita ba ta yi kuka ba, ni ne na yi ta jan hanci ina cewa mura ce. Sai da muka wuce Akwanga sannan ta yi magana.

"Malam, abu biyu nake so. Na farko, kada kowa ya ji, ko da Yaya ne. Ba na son a fara yi mini sannu ana ja mini hannu ina da sauran gani."

"Na biyun fa?"

"Ina so in ga fuskar Talatu. Ruwan nan ma in gan shi in da hali. Amma Talatu dai."

Na ce mata za ki gan ta, kuma muddin kina raye ba mai jin maganar idonki daga bakina. Na faɗa ne ban san da me zan kai ta ba, ni tela mai keke ɗaya da 'ya'ya huɗu. Abin da na mallaka a duniya wanda zai iya kai mutum biyu Gana ya dawo da su shi ne rabona na gado a Azuba, gonar doyar da muke ci daga ita rabin shekara. Kafin motar ta shiga Lafiya na riga na sayar da ita a zuciyata. Ranar da labari ya kai wa yayana Danladi, daga gona ya zo shagona da fartanya a kafaɗa, ko sallama bai yi ba.

"Adamu, kai ka yi hauka ne? Gona na baba za ka sayar saboda mata ya ce yana so ya ga ruwa? Ruwa ya ƙare a Binuwai ne? Kai shi Makurdi, ya tsaya kan gada ya duba har ya gaji!"

"Yaya, rabona ne."

"Rabonka ne, yaranka fa? Su ci teku?"

Amsar tana bakina, kalma ɗaya za ta kashe maganar, har ma na san da ya ji da shi zai fara sa hannu a aljihu. Amma na yi alkawari. Na sunkuya na ci gaba da taka keke, shi kuma ya zage ni iya son ransa ya tafi. Duk da haka, da ranar tafiya ta zo, gidansa muka kai ku, matarsa ta riƙe ku kamar nata. Kada ku manta masa da wannan.

A tashar mota, muna zama Asabe ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kuma runtse ido a ƙarƙashinsa. Na tambaye ta ko kanta ke ciwo.

"Tanadi nake yi," in ji ta. "In ruwan gishiri ya yi ƙasa a tukunya, janye itace muke yi kada ya ƙone. Ɗan abin da ya rage mini ba zan ƙarar da shi a kan itatuwan hanya ba. Kai ka duba, ka riƙa faɗa mini."

Na ce mata likita bai faɗi haka ba, ido ba man fitila ba ne. Ta ce likita bai taɓa dafa gishiri ba. Wanda ya san mahaifiyarku ya san in ta kafe ta kafe ke nan. Haka na zama idonta tun daga Lafiya, kuma da farko ido ne na banza. Na ce mata mun wuce wani dutse mai kyau, ta ce da kyau ɗin me za ta yi, in faɗa mata tsayinsa da launinsa. Na ce wata mata ta shigo da jan zani, ta ce wane irin ja, na manja ko na tattasai, kai fa tela ne. Fasinjoji suna ta dariya, sun ɗauka amarya ce mai kunya, ni kuwa ina gumi kamar ɗalibi a gaban malam.

Ta Maraɗi muka fara, ko da yake ba hanya ba ce. A can Alhaji Illo yake, babban aminina, wanda duk kakar doya a gidanmu yake sauka in ya zo saye, kuma ya sha cewa ranar da na ƙetare iyaka ban fara da ƙofarsa ba zumunci ya ƙare. Ya karɓe mu karɓar da har yau ban ga irinta ba. Aka yanka rago, aka zaga da ni kasuwa na ga raƙuma da fatu da buhunan gyaɗa jibgi-jibgi, ina dawowa ina kwashe wa Asabe labari. To amma kun san al'adarmu, baƙo ba ya tashi don kansa, sai mai gida ya sallame shi ya yi masa guzuri da rakiya. Illo kuwa ya riƙe sallamar ya ƙi saki. Yau ya ce mu bari a yi Juma'a, gobe ya ce ranar kasuwa ce, jibi 'yarsa ta haihu sai an yi suna. Ita kuma Asabe a cikin gida ba damar rufe ido, mata na shigowa gaisuwa, a miƙa mata jariri ta yaba, a nuna mata kayan ɗaki ta duba. Mako ya wuce, wani ya kama hanya. Wata safiya na shiga na same ta tana juya kai tana neman butar da ke dab da ƙafarta.

"Malam, ƙofar tana ƙara tsukewa," ta ce. "Yanzu kamar ta bakin kwalba nake leƙe."

Ban jira komai ba, na fita zaure na sami Illo yana shan shayi da mutanensa. Na ce masa ina neman sallama, yau ba gobe ba. Ya yi dariya ya ce ai ba a yi suna ba. Na ce ko ba sallama yau za mu tafi. Illo ya daina dariya.

"An yi maka wani abu ne a gidana, Adamu?"

"Wallahi sai alheri, Alhaji."

"To faɗa mini dalili."

"Ba zan iya ba."

Ya ajiye kofin, ya dube ni ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Muka fito da kayanmu a ka, ba guzuri ba rakiya, maƙwabta na leƙe. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na san na kunyata mutumin kirki a gaban jama'arsa. Amma da na auna fushin Illo da idon Asabe, ban ga abin tsayawa tunani ba.

Daga nan muka miƙa yamma zuwa Doso, muka gangara muka haye kogin Kwara ta gadar Gaya muka shiga ƙasar Binin. A bakin iyakar aka kwance mana kaya, ma'aikacin ya ci karo da ƙullin gishirin Awe da Asabe ta ɗauko wa Talatu tsaraba. Ya ɗanɗana, ya tambayi inda za mu, da ya ji sai ya kira abokan aikinsa su zo su ga mutanen da za su kai wa teku gishiri. Asabe daga cikin mayafi ta ce in gaya masa ya ɗaure mata kayanta yadda ya same su. A Faraku muka shiga jirgin ƙasa, ni a bakin taga, ita a gefena. Zuwa lokacin bakina ya fara faɗawa. Na ce mata ƙasar ta koma ja kamar ta hanyar Obi bayan ruwa, bishiyoyin kwakwar manja sun yi layi kamar an yi musu kalmasa, mata na ɗauke da abarba a faranti sun yanka ta tsaye ba a kwance ba. Ta ce yauwa, yanzu ka fara magana.

A Kwatano wani ɗan Obi mai suna Garba, wanda muka yi makarantar allo tare, shi ya sauke mu. Tun a bakin ƙofa na ce masa kwana ɗaya za mu yi, in ba zai sallame mu ba ya faɗa tun yanzu mu nemi wani wuri. Ya ce wannan wane irin baƙo ne mai zuwa da sallamarsa a aljihu, amma ya yarda. Da hantsi ya kai mu bakin teku. Tun daga nesa Asabe ta ji rugugin ta damƙe mini hannu. Na kai ta har inda kumfa ke taɓa ƙafa, na juya ta ta fuskanci ruwan, sannan ta ɗaga mayafin. Ta daɗe tana juya kai a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, don ba ta iya ɗaukarsa gaba ɗaya. Sai ta sunkuya ta ɗibi ruwan a tafin hannu ta kai baki.

"La ilaha illallahu! Malam, duk wannan, kuma ba mai dafawa?"

"Ba mai dafawa."

"Mu kuma muna can muna kankarar ƙasa. Ashe Talatu ba ta ƙara ko kaɗan ba."

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ja mayafin ta rufe. Na ce haba Asabe, gona guda fa muka sayar, ki ƙara kallo mana. Ta ce ta gani, sauran na Talatu ne. A Lome ma haka aka yi. Na shiga babbar kasuwarsu inda mata ke sayar da atamfa tun daga ƙasa har rufi, ni tela, jikina har rawa yake yi, na roƙe ta ta leƙa ko sau ɗaya. Ko gezau. Sai dai na bi turmi-turmi ina zana mata da baki, tana shafawa da hannu tana cewa wannan zai zuba, wannan ba zai zuba ba.

Mun shiga Akra rana ta kusa faɗuwa, kafin mu gano gidan a unguwar Hausawa an kira magariba. Ni na san da duhu ya fara idon Asabe ba ya aiki ko kaɗan. Talatu ta fito da gudu ba ko ɗankwali, suka rungume juna suna kuka, amma Asabe ta ƙi ɗaga mayafi. Talatu ta ja baya.

"Ƙawa, fushi kike yi da ni? Shekara nawa, ki zo har gidana ki ƙi dubana?"

"Ba zan dube ki a duhu ba, Talatu. Ban zo daga Lafiya don in ga inuwa ba. Ki bari sai rana ta fito."

A nan ta gaya mata komai, ita kaɗai a duniya ban da ni. Washegari da rana ta hau, Talatu ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske ya fi ƙarfi, ta zauna ta fuskanci gabas. Ni ina tsaye a gefe ina tuna cewa tun Kwatano ba a buɗe idon nan ba, kuma ban san abin da ya rage a ciki ba. Idan ta ɗaga mayafin ta tarar da duhu, to na raba ku da gonarku na raba kaina da aminina a banza. Asabe ta durƙusa, ta kama kan Talatu da hannu biyu, ta buɗe ido. Sai na ga tana motsa kan Talatu kaɗan-kaɗan, tana bin fuskar gutsure-gutsure: goshi, gira, tabon ƙunar da tukunyar gishiri ta bar mata a kunci tun suna yara, har wushirya.

"Kin tsufa," in ji Asabe.

"Ke kin ga kanki?"

"Ban gani ba, kuma ba na so. Ke dai na gan ki. Malam, na gan ta."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ranar da gishirin Awe aka yi miya, Talatu ta ci tana kuka, ta ce shekarunta a bakin teku ba ta taɓa jin miya ta yi daidai ba sai yau.

Daga wannan safiya Asabe ba ta sake rufe ido ba. Ta ce tanadi ya ƙare, yanzu lokacin ci ne. Ta kalli jiragen ruwa, ta kalli masunta na jan koma, a hanyar dawowa ta Legas ita ce a bakin taga. Da muka iso gida abin da ta fara yi shi ne ta shimfiɗa tabarma a rana, ta zaunar da ku ɗaya bayan ɗaya, ta kama kanku yadda ta kama na Talatu. Kai Sani, kai ka fi kowa mutsu-mutsu, kana kuka rana na ƙona ka, kuma a kanka ta fi daɗewa. Ƙila ka tuna, ƙila ka ɗauka ƙwarƙwata take nema. Bayan daminar da ta biyo baya hasken ya ɗauke gaba ɗaya, kamar yadda likitan Kano ya faɗa tun kafin mu san hanyar teku.

Illo ya sauya masauki, shekaru yana zuwa Lafiya ba ya taka ƙofata. Sai wata kakar doya ya hango ni a kasuwa ina riƙe da hannun Asabe ina gaya mata abin da ke gabanta. Da yamma ya zo shago ya zauna a kan benci, sannan ya ce da na faɗa masa da da motarsa zai kai mu har Gana. Na ce na sani, Alhaji, amma maganar ba tawa ba ce. Muka yi musabaha, ya koma sauka a gidanmu har ya rasu. Yaya Danladi shi bai taɓa sani ba, ya tafi kabari yana zagin teku.

Shekarar da aka ba mu jiha, da aka fara yanka filaye a Azuba kuka fara gunaguni, mahaifiyarku ce da kanta ta ce in kai ta ta ga gonar. Haka take cewa, ta gani. Na ɗauke ta a babur muka je, na tsayar da ita inda bishiyar ɗorawarmu take a da. Ta ce me kake gani. Na ce an sare ɗorawar, wani ya gina gida mai hawa ɗaya, bangon ruwan toka kamar gishirin da bai gama dahuwa ba, ƙofar ƙarfe shuɗiya irin shuɗin baban rini, tagogi shida a gaba, ga tankin ruwa a sama. Ta gyaɗa kai ta ce yanzu kam na iya. Sai ta tambaye ni ko mai gidan ya taɓa ganin teku. Na ce ban sani ba, amma da wuya.

"To ka bar masa gidansa," ta ce. "Mu je, yara na jira."

Na tayar da babur muka dawo, kuma ko a ranar ban waiwaya ba.